Amsoshin Tambayoyinku: Me Ake Dubawa Kafin A Gina Filin Golf?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya rubuto yana cewa, ya ji ana rigima a ƙasashen Turawa a kan gina filin wasan golf. To filin wasa kawai, mene ne abin rigima?

AMSA: To malam, golf dai wasa ne da ake buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Cikakken fili yana da rami 18, kuma yakan ci kamar hekta 50 zuwa 70. Ka auna gonakin mutum nawa ke nan a ƙauyenku. Sannan ciyawarsa ba ta daji ba ce, shuka ta ake yi, a yi ta ba ta ruwa da taki da maganin ƙwari rani da damina.

Shi ya sa kafin a sa hannu, ake tura masana su binciki abin da aikin zai yi wa muhalli. Babbar tambayarsu ita ce ruwa. Daga ina za a ɗebo shi? In rijiyoyin burtsatse masu zurfi za a haƙa, shin rijiyoyin maƙwabta da fadamar masu noman rani ba za su ja baya ba? In ruwan sama ya wanke taki da magani, wane rafi zai kai su, kuma su wa ke sha a can? Sai kuma batun burtali, itatuwa da tsuntsaye.

Ga misali daga Sikotilan. A 2006 attajirin nan Donald Trump, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya sayi fili a Menie, arewa da birnin Abadin. A wurin akwai tuddan rairayi na bakin teku masu tafiya da iska, waɗanda doka ta keɓe. Masana suka ce in aka dasa ciyawa aka ɗaure rairayin, an kashe abin da ya sa aka keɓe shi. A 2007 kwamitin ƙaramar hukuma ya ƙi amincewa, amma a 2008 gwamnati ta ba da izini saboda alkawarin ayyuka 6,000. An buɗe filin a 2012. Ayyukan ko kusa ba su kai haka ba, kuma a 2020 hukuma ta cire tuddan daga jerin wuraren da aka keɓe, don sun riga sun lalace. Wato binciken ya faɗi gaskiya, sauraronsa ne ba a yi ba.

A Nijeriya ma akwai irin wannan doka, mai lamba 86 ta 1992, wadda ta ce a yi binciken kafin manyan ayyuka, a kuma bai wa jama'a damar duba rahoton su faɗi ra'ayinsu. Saboda haka in ka ga ana kafa turaku kusa da gonarka, ku haɗu da mai unguwa ku nemi ganin rahoton, ku rubuta ƙorafinku tun kafin katafila ta iso.