Me Ya Sa Farin Ƙwai Yake Daskarewa A Kan Wuta?



Akwai abin da kowa yake gani a teburin mai shayi amma ba kasafai ake tambayar dalilinsa ba. Man shanu in ya ji wuta narkewa yake yi. Kitse haka, sukari ma haka. To ƙwai fa? Ana fasa shi, farinsa ruwa ne mai yauƙi, har kana hango gindin kwano ta cikinsa, amma yana taɓa kasko sai ya yi fari fat ya daskare, kuma ko ya huce ba ya komawa ruwa. Dalilin wannan yana wurin wani furotin da ake kira obalbumin. Wanda ya fahimce shi zai iya raba gardamar nan da samari suke yi kullum: ɗanyen ƙwai da dafaffe, wanne ya fi gina jiki?

Sunan daga Latin ya fito, kalmar ƙwai ce aka haɗa da kalmar fari. A littattafan kimiyya na Larabci za ku ga ana ce wa farin ƙwai zulalul-baidi. Shi farin ƙwan kusan kashi 88 cikin 100 ruwa ne zalla, abin da ya rage kuma yawancinsa furotin ne iri-iri. A cikin furotin ɗin nan, obalbumin shi kaɗai ya kwashe wajen kashi 54 cikin 100, wato sama da rabi. A babban ƙwan kaza guda ɗaya zai kai kusan giram 2. Kaza tana ƙera shi ne a bututun da ƙwai yake bi kafin a saka shi. Gwaiduwa tana shafe kamar awa 3 a wani sashe na bututun ana lulluɓe ta da farin, daga baya a yi mata ɓawo. Masana suna ɗaukarsa a matsayin guzuri da aka ajiye wa ɗan tsako. Da yake yana da yawa, ga arha, ya shiga cikin furotin na farko-farko da aka iya tacewa tsantsa, aikin da wani masani mai suna Franz Hofmeister ya yi wajen shekarar 1890.

To mene ne ma furotin? Mu ɗauki misali da haruffa. Haruffan Larabci 28 ne, amma babu iyaka ga kalmomin da ake ginawa da su, kuma in ka sauya harafi ɗaya ma'ana ta sauya. Haka furotin yake. Haruffansa su ne ake kira amino asid, iri 20 ne, ana jera su ɗaya bayan ɗaya kamar ƴaƴan carbi a zare. Zaren obalbumin yana da ƴaƴa 385, kuma tsarin jerinsu ba ya canzawa.

Sai dai zaren nan ba a miƙe yake ba, kuma a nan maganar take. Wasu daga cikin ƴaƴan suna son ruwa, wasu kuma gudunsa suke yi kamar yadda mai yake gudun ruwa. Saboda haka zaren yake naɗe kansa ya zama ɗan dunƙule: masu gudun ruwa su ɓuya a ciki, masu son ruwa su tsaya a waje. Naɗin ba na hargitsi ba ne, tsararre ne kamar naɗin rawani, kowane ɗaya irin na ɗan uwansa sak. Waɗannan ƴan dunƙulen suna yawo cikin ruwa kowa harkar gabansa yake, ba sa manne wa juna. Ƙanƙantarsu ta sa haske yake ratsa su ya wuce, shi ya sa ɗanyen farin ƙwai yake garau.

Abin da yake riƙe da naɗin ba ɗauri ba ne mai ƙarfi, ƙananan riƙo ne masu yawa. In zafi ya zo sai komai ya fara girgiza, riƙon ya saki, dunƙulen ya kwance. Masu gudun ruwan nan da suke ɓoye sai su tsinci kansu a fili, babu mafaka sai su kama irinsu na zaren maƙwabci. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, nan da nan an saƙa raga, ruwa ya maƙale a cikin idanunta. Kun ga kenan ruwan bai tafi ko'ina ba, kama shi aka yi. Ragar kuma tana tarwatsa haske maimakon ta bar shi ya wuce, shi ne farin da muke gani.

Akwai kuma abin da yake ƙara ƙulle lamarin. A cikin ƴaƴa 385 ɗin, guda 6 wani iri ne da ake kira sistin, mai ɗauke da sinadarin farar wuta. Biyu sun riga sun ɗaure da juna, huɗu kuwa a sake suke, a ɓoye cikin dunƙulen. Da zarar an kwance, sai su samu damar ƙulla ɗauri mai ƙarfi da na wasu zarurruka. Shi ya sa dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye don kawai ya huce.

Ba duka furotin ɗin farin ƙwai suke kwancewa lokaci guda ba. Wani mai suna obotiransferin tun zafi yana ɗan sama da digiri 60 yake sallamawa, shi ne farin nan mai laushi da ake fara gani. Obalbumin ya fi taurin kai, sai an kai wajen digiri 84, kuma sai ya kwance farin yake yin tauri sosai. Ba wuta kaɗai ke kwance shi ba. Masu yin kek in sun daɗe suna kaɗa farin ƙwai, zaren yana buɗewa ya kewaye ƙwayoyin iska, shi ne kumfar da take tsayawa.

Yanzu mu koma ga gardamar samari. Da yawa cikin masu ɗaga ƙarfe da masu koyon kokowa suna fasa ɗanyen ƙwai cikin madara su shanye, wai wuta tana kashe ƙarfinsa. A ganina an juya maganar ne. Jiki ba ya amfani da furotin a dunƙulensa, sai ya yayyanka zaren ya ɗebi ƴaƴan ɗai-ɗai ya gina nasa naman da su. Masu wannan yanka wasu sinadarai ne a ciki da hanji, suna aiki kamar almakashi. To almakashi zai fi saurin yanka zaren da aka warware ko wanda aka dunƙule tam? Wuta ba ta ƙone ƴaƴan carbin ba, naɗin kawai ta kwance, wato ta rage wa ciki aiki. A shekarar 1998 wasu masu bincike a ƙasar Beljiyam sun auna wannan a jikin mutane. Suka samu cewa daga dafaffen ƙwai jiki ya ɗauki wajen kashi 91 cikin 100 na furotin ɗin, daga ɗanye kuwa wajen kashi 51 kawai. Mai shan ɗanye kenan ya biya kuɗin ƙwai biyu ya tashi da amfanin da bai wuce na ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Banda haka, ɗanyen farin ƙwai yana da wani furotin, abidin, da yake kama bitamin ɗin da ake kira bayotin ya hana jiki samunsa, ga kuma haɗarin ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. Dahuwa tana maganin duka biyun.

Amma fa ba a ce a bar shi kan wuta har a manta ba. In dahuwa ta yi yawa ragar tana ƙara matsewa, farin ya zama kamar roba. Farar wutar nan kuma tana fita a matsayin iska mai wari, ta haɗu da sinadarin ƙarfe da yake cikin gwaiduwa, sai ka ga wani zobe kore-kore ya kewaye ta. Masu sayen dafaffen ƙwai a tasha sun san shi. Ba guba ba ne, ba kuma alamar ƙwai ya ruɓe ba ce. Minti 10 cikin tafasasshen ruwa ya wadatar, sai a tsoma shi a ruwan sanyi.

Ƙwai in ya kwana biyu a ajiye, obalbumin ɗinsa ma sauyawa yake yi. Ɓawon yana da ƙananan ƙofofi dubbai, iskar kabon dayoksaid tana fita ta nan, farin ya ƙara zama mai ɗabi'ar kanwa. A wannan hali obalbumin yana komawa wata siffa da ta fi jure wuta, wadda sai wajen digiri 92 take kwancewa, kuma zafi irin na ƙasashenmu yana hanzarta wannan sauyi.

Saura magana ɗaya ga iyayenmu mata. Camfin nan na cewa yaro in ya ci ƙwai zai koyi sata ba shi da tushe, kuma yana hana yara abinci mai gina jiki da yake a cikin gida, musamman da damina lokacin da ƙwan zabi yake wadata. Abin da ya kamata a lura da shi daban ne: akwai yara kaɗan da jikinsu yake ɗaukar furotin ɗin ƙwai kamar abokin gaba, obalbumin yana cikinsu. Alamarsa ita ce ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin fuska ko leɓe, amai, ko wahalar numfashi jim kaɗan bayan cin ƙwai. Yaron da ya nuna haka a kai shi asibiti. Kuma da yake allurar rigakafin cutar shawara a cikin ƙwan kaza ake haɗa ta, tana iya ɗauke da ɗan ɓurɓushin obalbumin, don haka a sanar da ma'aikacin lafiya tun kafin ya yi wa irin wannan yaro allurar.