Yakuwar Ado: Shukarta da Kula da Ita a Yawunde

Duk Bahaushe ya san yakuwa. Da ganyenta ake miya da fate da kwaɗo, da zoɓonta ake abin sha, 'ya'yanta kuwa, wato gurguzu, da su ake daddawar batso. A Kamaru ana ce mata folere, sunan da ya fito daga Fulatanci. To, amma yakuwa tana da wata 'yar'uwa wadda ba kowa ya sani ba, masana tsirrai na kiran ta Hibiscus acetosella. Ganyenta ja ne mai duhu, a rarrabe kamar yatsun hannu. Saboda wannan launi ake shuka ta don ƙawata gida. A nan za a kira ta yakuwar ado.

Asalinta daga Afirka ta Tsakiya ne. Wani masani ɗan Ostiriya, Friedrich Welwitsch, ya same ta a Angola, aka buga sunanta na kimiyya a 1896. Danginta ɗaya da rama da kuɓewa da auduga.

Yanayin Yawunde ya dace da ita ƙwarai. Birnin yana kan tuddai, tsayin kimanin mita 750 daga gaɓar teku, kuma damina biyu ake yi a shekara: daga Maris zuwa Yuni, sannan daga Satumba zuwa Nuwamba. A Kano, abin da ke kashe wannan tsiro shi ne fari. A Yawunde kuwa, yawan ruwa ne, domin yakan sa saiwa ta ruɓe. Ga kuma ƙarancin fili. A unguwar Briqueterie, tsohon zangon Hausawa, da Nkomkana da ke kusa da ita, gidaje a cunkushe suke. Saboda haka dabara ita ce a shuka ta a cikin tsohon bokiti ko tukunya.

Da farko a huda gindin bokitin don ruwa ya riƙa tsiyayewa. A haɗa ƙasa da yashi da takin dabbobi wanda ya ruɓe, a zuba. Sannan a yanko reshe mai tsawon kamar taƙi ɗaya, a cire ganyen ƙasa, a kafa shi. Cikin 'yan makonni zai yi saiwa. Ana iya shuka iri ma, amma reshe ya fi tabbas, don launin uwar zai ɗauko.

Abu na biyu shi ne rana. In aka ajiye ta a inuwar bango, jan ganyen zai dushe, ta miƙe zalalo ba kyan gani. A sa ta inda rana ke bugawa. Idan ta kai tsawon gwiwa, a tsinke kanta, sai ta yi rassa ta cika. In ba a yi haka ba, takan kai mita biyu, iska ta karya ta. Da rani, musamman Disamba zuwa Fabrairu, a yi mata ban ruwa duk lokacin da ƙasar ta bushe. In darɓa ta kama ta, a fesa mata ruwan sabulu marar ƙarfi da yamma. Ba ta da tsawon rai, shi ya sa ake dasa sabon reshe kowace shekara.

Akwai kuskure guda da ya kamata a guje wa. Wanda ya shuka ta yana jiran zoɓo zai sha zama, domin furenta yini ɗaya yake yi, kuma ba ya barin ɓawo mai tsoka irin na yakuwa. Amma ganyen yana ciwuwa, yana da tsami, kuma ana miya da shi a Kamaru da Kwango da Angola. Sai dai yana ɗauke da sinadarin da kan taimaka wajen haɗuwar tsakuwar ƙoda, don haka a ci shi daidai wa daida.