Labari Mai Ƙurunƙus Ko Mai "Sai A Tari Na Biyu": Wanne Jama'a Suka Fi So?

Duk Bahaushen da ya taso yana jin tatsuniya a gindin kakarsa ya san ba a watsewa sai an ce ƙurunƙus. A wannan lokaci gizo ya sha wuyarsa, marainiya ta huta, mugu ya ga sakayya. To, wannan sabo shi ne tushen gardamar da ake yi a zaurukan Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan game da littattafan hira: shin wanda ya ƙare a littafi guda ya fi, ko kuwa wanda ake ja kashi-kashi?

Littattafan farko dai kowanne da ƙarshensa ya zo. A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasa, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. Alhaji Imam ya fita neman ruwa, ya samo, ya komo gida. Mai karatu ya rufe littafi hankalinsa kwance.

Abubakar Imam kuwa ya haɗa hanyoyin biyu a Magana Jari Ce, wanda ya fito littafi uku daga 1937. Akwai doguwar hira ta aku da gidan sarauta, amma a cikinta kowane labari cin gashin kansa yake yi. Wanda ya sami littafi ɗaya kaɗai bai yi asara ba.

Al'amari ya sake ne daga tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka fito, aka shiga buga littattafan soyayya da na zaman aure. Galibin marubutan wannan zamani da kuɗin aljihunsu suke bugawa, takarda kuwa ta yi tsada. Sai ya zama ana raba labari biyu ko uku, a sayar da na ɗaya a sami kuɗin buga na biyu. Domin kada mai saye ya tsere, akan yanke labarin daidai inda zuciya ta ɗaga, watau ranar ɗaurin aure ko ƙofar gidan alƙali.

A nan ne mazauna Kudu suka fi kowa shan wuya. Na Kano zai leƙa kasuwa ko wurin masu ba da haya ya samo na biyu. Na Ikko kuwa sai ya jira direban babbar mota ko ɗan'uwa mai dawowa daga ganin gida, wani lokaci ma a kawo masa na uku alhali bai ga na biyu ba.

Yanzu waya ta rage wannan nisa, amma ta zo da nata. Marubuta da yawa, akasari mata, suna sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad. Na farko kyauta ne, in an kamu sai a ce a biya kafin a ci gaba. Masu son wannan hanya suna cewa jiran yana da daɗi, ga muhawara da sauran masu karatu kowace rana. Masu kuka kuwa suna cewa akan ja labari fiye da ƙima, wani ma a bar shi a hanya bayan an karɓi kuɗi. Gajeren labari mai zaman kansa shi ma bai mutu ba, domin gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 irinsa take nema.

Saura labarin da ake bari a buɗe. Wannan ba baƙo ba ne, gama akwai tatsuniyoyin da ke ƙarewa da tambaya, a ce wa ya fi jarumtaka cikin mutum uku. Amma fa a can an gama faɗin abin da ya faru, hukunci kaɗai aka bar wa masu sauraro.

Saboda haka jama'a ba tsawon labari suke ƙi ba, rashin cika alkawari suke ƙi. Marubucin da ya ce a tari na biyu ya ɗauki bashi, alkawari kuwa kaya ne. Mai saye kuma, musamman wanda ke nesa da gida, ya kyautu ya tambaya tun kafin ya miƙa kuɗinsa ko labarin ya kammala.