Me ya sa gero ke yin kyau a gindin gawo?

Duk manomi a Magariya ko Matamaye ya san gero ya fi tsayi da kauri a ƙarƙashin gawo. Wanda kuwa ya binne busasshen kara a kunya, yana zaton ya zuba taki, sau da yawa sai ya ga shukarsa ta yi rawaya a makonnin farko. Dukansu tarkacen tsiro ne suka koma ƙasa, amma sakamakon ya sha bamban.

Sirrin yana wajen ƙananan halittun da ido ba ya gani, bakteriya da fangas. Naitirojin ɗin da ke cikin ganye a ɗaure yake, saiwa ba ta iya shansa har sai waɗannan halittu sun ruɓar da ganyen, sun mai da shi amoniyam, wasunsu kuma su juya shi zuwa naitiret. To, amma su ma sai sun ƙoshi kafin su bar wa shuka. Idan kabon ɗin abin da suka samu ya ninka naitirojin ɗinsa fiye da kamar sau 30, irin karan gero da na dawa, sai su wawashe ɗan naitirojin da ke cikin ƙasa don gina jikinsu. Shuka ta kwana da yunwa kenan, har sai sun mutu sun mayar da bashin.

Ganyen gawo ba ya jawo wannan bashi. Gawo ɗan dangin wake ne, ganyensa na da naitirojin sosai, ga laushi, ga saurin ruɓa. Sannan ga halinsa na saɓa wa sauran itatuwa: yana kakkaɓe ganye da shigowar damina, daidai lokacin da shuka ke buƙata, ba ya kuma tare mata rana. Kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani ƙari ne.

Saiwar shuka ce aka fi mantawa da ita, alhali ko an kwashe harawa da kara kaf an kai wa tumaki, ita tana nan. Ruɓarta a hankali take, domin ta fi ganye tauri, saboda haka abin da take saki kaɗan-kaɗan ne, amma ita ke barin baƙar dauɗar da ke daɗewa a ƙasa.

Lokaci ma na da nasa rabo. A 1958 masani H. F. Birch, yana aiki a Gabashin Afirka, ya nuna cewa busasshiyar ƙasa na sakin naitirojin da yawa farat ɗaya da zarar ta jiƙa. A jigawa, idan ruwan farko ya sauka babu shuka, ruwan da ke biye sai ya wanke naitiret ya nutsar da shi inda saiwar ƙaramin gero ba ta kai. Wannan na cikin dalilan da shukar fari ke yi wa ta baya fintinkau.