Rarraba Bugun Gwaji na Manhajar Daidaita Lokaci: Darasi Daga Tarihin NTP

Gabatarwa

Kowace kwamfuta tana da agogo a cikinta, kuma babu agogon da ba ya gaggawa ko jinkiri. Idan agogunan kwamfutoci suka saɓa, sai lissafin banki ya rikice, a kasa sanin cinikin da ya riga wani. Maganin wannan shi ne tsarin da ake kira NTP, wanda David Mills, malamin da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware ta Amurka, ya fara wallafa ƙa'idojinsa a shekarar 1985. Da wannan tsari ne kwamfuta take tambayar wata lokaci ta intanet, ta auna daɗewar saƙo a hanya, sa'an nan ta gyara agogonta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake rarraba bugun gwaji na manhajar NTP, da abin da ke aukuwa idan gyara ya tsaya a hannun 'yan kaɗan.

Bugu Iri Biyu

Manhajar NTP mai buɗaɗɗen tushe ce, watau asalin rubutunta a fili yake, kowa na iya ɗauka kyauta, ya karanta, ya gyara. Masu kula da ita, a ƙarƙashin gidauniyar Network Time Foundation wadda Harlan Stenn ya kafa a 2011, suna fitar da ita a bugu iri biyu. Na farko shi ne tabbataccen bugu, wanda aka tace domin aikin yau da kullum. Na biyu kuwa shi ne bugun gwaji, inda ake fara zuba sababbin dabaru, kamar dai daftarin littafi da marubuci kan raba wa abokan aiki kafin a kai maɗaba'a.

A lamba ake rarrabe su. Alal misali, 4.2.6 da 4.2.8 tabbatattu ne, amma 4.2.7 da ke tsakaninsu na gwaji ne. A zamanin 4.2.7, kowace fitowar gwaji takan ɗauki ƙarin lamba bayan harafin p, mai nuna jerinta, kamar 4.2.7p26.

Rarrabawa da Sanarwa

Idan fitowa ta kammala, akan ƙunshe rubutun manhajar a dunƙule guda, a ajiye inda kowa zai iya saukewa. Tare da ƙunshin akan ba da lambar tantancewa, wadda take matsayin hatimi: wanda ya sauke zai lissafa tasa ya gwama, in sun saɓa to ƙunshin ya lalace a hanya. Sanarwar fitowa kuwa takan faɗi lambar bugun, da wurin samunsa, da jerin kurakuran da aka gyara, da kuma inda za a kai rahoton sabon kuskure.

Dalilin wannan ɗawainiya shi ne, manhajar tana aiki a kan injuna iri-iri waɗanda masu rubuta ta ba su mallake su duka ba. Sai masu gwaji na sa-kai sun ɗora ta a kan nasu ake gano inda take tuntuɓe. Amma galibin masu kula da kwamfutocin ma'aikatu ba su taɓa bugun gwaji, domin a ganinsu da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da Ya Auku a 2013 da 2014

A tsohuwar manhajar akwai wani umurni mai suna monlist, wanda kan mayar da jerin adireshin kwamfutoci har 600 na baya-bayan nan da suka tuntuɓi mai ba da lokaci. Tambayar 'yar ƙarama ce, amsar kuwa ta ninka ta sau ɗaruruwa. Sai miyagu suka riƙa aika tambayar da adireshin wanda suke so su cuta, amsoshi daga dubban kwamfutoci su yi masa ambaliya har aikinsa ya tsaya. Hare-haren sun yawaita a ƙarshen 2013, kuma a Fabrairun 2014 kamfanin Cloudflare ya ba da labarin wani wanda ƙarfinsa ya kusa gigabit 400 a daƙiƙa guda.

Abin lura a nan shi ne, tun a 2010 aka cire wannan umurni, a fitowar 4.2.7p26. Sai dai gyaran yana cikin bugun gwaji, alhali jama'a suna kan 4.2.6 ko abin da ya gabace shi. Da wuta ta kama, sai aka shawarci masu kula da injuna su koma bugun gwajin, ko su toshe umurnin da hannu. Tabbataccen bugu mai ɗauke da gyaran, watau 4.2.8, bai fito ba sai Disambar 2014.

Kammalawa

Daga bayanin da ya gabata za a fahimci cewa rubuta gyara rabin aiki ne kawai, sauran rabin shi ne isar da shi ga masu bukata. Wajibi ne sanarwar bugun gwaji ta bambanta gyaran da ya shafi tsaro da sauran gyare-gyare, kuma kada tazara ta yi yawa tsakanin bugun gwaji da tabbatacce. Masu iya magana sun ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira. A wannan karo maganin ya shekara uku a ajiye, kunnuwa kaɗan ne suka ji labarinsa.