Daga Salular Arlit Zuwa Kasuwar Intanet

Duk wanda ya ji an ambaci Arlit, yuraniyom ne zai fara faɗo masa a rai, kuma da gaskiyarsa. Saboda wannan ma'adini aka kafa garin a 1969, a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas. Kamfanin SOMAÏR ya soma haƙa a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akokan a 1978, ya yi ta aiki a ƙarƙashin ƙasa har aka rufe shi a watan Maris na 2021. Sai dai akwai wani kaya da garin ya fitar wanda ba a taɓa loda shi a manyan motocin da ke bin hanyar Tawa ba, wato kiɗan jita na Abzinawa. Yadda wannan kiɗa ya kai kunnen mutanen Amurka da Japan labari ne na wayar salula da intanet, da kuma hannuwan da suka yi ta miƙa shi.

Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, a Cintabaradan aka haife shi, amma a Arlit ya tashi. Wanda ya sa masa sha'awar jita shi ne Abdallah ag Oumbadougou, mawaƙin da kasakasansa suka riƙa yawo a ɓoye lokacin tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990, ana kwafa daga rediyo zuwa rediyo. Bayan sulhun 1995 Abdallah ya fito fili, har ya buɗe makarantar koyon kiɗa a Arlit a 2000. Shi kuwa yaro Mdou, gidansu ba su yarda da kiɗa ba, don haka ya samo katako da wayar birkin keke ya harhaɗa tasa jitar. Bahago ne, da hagu ya koya, da ita yake kaɗawa har yau.

A 2008 ya tsallaka iyaka zuwa Sakkwato, ya shiga situdiyo ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. Abin da ya tarar a can shi ne salon waƙoƙin finafinan Hausa: ganga daga kwamfuta, da na'urar nan da ke lanƙwasa muryar mawaƙi ta yi zaƙi kamar ta sarewa. Ya ɗora Buzanci da jita a kan wannan salo. Babu kamfanin da ya buga kundin, babu shagon da ya jera shi. Ta Bluetooth da katin memori ya bazu. Matashi ya tura wa abokinsa a gindin shayi, direba ya ɗauka a tasha ya sauke a wani gari, masu turi a kasuwa suka cika wa mutane waya da shi a kan 'yan kuɗi kaɗan. A haka waƙar kan rasa sunanta da na mai ita, ta koma wata lamba kawai a cikin waya, amma ba ta daina tafiya ba har ta kai Kidal a arewacin Mali.

A Kidal ɗin ne wani Ba'amurke ɗan birnin Portland, Christopher Kirkley, ya ci karo da ita. Ya zo yankin ne da na'urar ɗaukar sauti, yana rubuta abin da ya gani a shafinsa na Sahel Sounds da ya buɗe a 2009, sai ya lura cewa taskar da yake nema tana cikin aljihun samari. Ya shiga musaya da su, ya ba su waƙoƙin da ke kwamfutarsa, su ba shi na wayoyinsu. A 2011 ya fitar da zaɓaɓɓu a kundin Music from Saharan Cellphones, ciki har da "Tahoultine" ta Mdou. Aikin da ya fi ba shi wuya shi ne neman masu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ta Facebook da lambobin waya, don a san sunansu a kuma biya su haƙƙinsu.

Jaridun Turai sukan rubuta cewa Kirkley ne ya gano Mdou. Maganar tana buƙatar gyara. Kafin baƙon ya ji waƙar, dubban mutane daga Abalak zuwa Gao sun riga sun tace ta, sun zaɓe ta cikin ɗaruruwa, sun hana ta mutuwa a lokacin da memori ke cika ana goge abin da ba a so. Abin da ya ƙara shi ne ƙofar kasuwar waje, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Daga nan abubuwa suka yi sauri: kundin Afelan a 2013, fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai da aka ɗauka a Agadas da Buzanci a 2015, Ilana a 2019, sai babban kamfanin Matador na Amurka ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. A na ƙarshen akwai waƙa mai suna "Oh France", kuma wanda ya girma yana ganin motocin yuraniyom na fita alhali ƙauyuka na kwana cikin duhu ba ya buƙatar a fassara masa dalilinta.

Ba Mdou kaɗai ba ne. Fatou Seidi Ghali, 'yar ƙauyen Illighadad kusa da Abalak, hotonta riƙe da jita ne ya fara yawo a Facebook, aka bi sawunsa har ƙauyen, kuma a 2016 kundin Les Filles de Illighadad ya fito. Etran de l'Aïr kuwa 'yan gida ɗaya ne da suka fara kiɗan biki a Agadas tun 1995, amma sai 2018 kundinsu ya shiga kasuwar duniya. Su ne suka buɗe wani gwaji mai ban sha'awa a Janairun 2020, Music from Saharan WhatsApp. Tsarin ba shi da wuya: makaɗa su ɗauki waƙa da salula a tsakar gida, su aika ta WhatsApp, a ɗora a shafin Bandcamp na wata guda kacal, duk abin da aka samu kuma nasu ne. Bandcamp ya bambanta da manhajojin saurare da ke biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowane ji. A nan mai so yana sayen kundin ne kai tsaye, yana iya ƙarawa a kan farashi idan ya ga dama, shafin ya cire kasonsa ya miƙa saura. Gwajin ya zo daidai da annobar korona, lokacin da aka hana taro, makaɗan biki suka zauna babu aiki.

Mai neman Arlit a intanet zai kuma ci karo da masu kyamara. Idrissou Mora-Kpai, ɗan ƙasar Benin, ya yi Arlit, deuxième Paris a 2005, kan garin da aka taɓa kwatantawa da birnin Faris kafin farashin ma'adinin ya faɗi. Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi shekaru yana aikin haƙa a can, ta koma garin ta yi La Colère dans le vent a 2016, ta bar tsofaffin ma'aikata da matan unguwa suka faɗi abin da ƙura da tarkacen ƙarfen kamfani suka yi musu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kuɗi. Ɗora waƙa a TikTok ko YouTube abu ne da kowane saurayi a Akokan zai iya in ya sami rezo mai ƙarfi, amma karɓar dala daga mai saye a Jamus yana buƙatar asusun banki da hanyar biya ta ƙetare, ga Ingilishin da za a rubuta bayanin kundin da shi. Shi ya sa kusan duk sunayen da aka ambata a sama ta hannun wani kamfani na waje suka fita, haka ma mawaƙi Bombino, wanda kamfanin Sublime Frequencies ya fitar da faifansa a 2009, shekaru goma kafin ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar Grammy. Wanda bai sami irin wannan tsani ba, abincinsa na nan a bikin aure da suna, ko da kuwa waƙarsa na cikin kowace waya a gari.

Su ma waɗanda suka fita ba su tsira daga halin ƙasa ba. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sami Mdou da abokan kiɗansa suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki da sararin samaniyar Nijar, suka rasa hanyar komawa gida. Kuɗin masauki da abinci na makonnin da suka biyo baya, masu sauraronsu ne suka tara musu ta shafin GoFundMe.