Yashin Kuza: Ribar Tana Wajen Mai Narkarwa

BAUCHI — Shekaru da dama masu haƙar kuza a yankin Toro da tsaunukan Jos suna watsar da wani yashi mai nauyi bayan sun gama wanki. Yau 'yan kasuwa na sayensa buhu-buhu domin fitarwa waje. Sunansa monazit, kuma yana ɗauke da niyodimiyam, ƙarfen da ake yin maganaɗisun motocin lantarki da shi.

Sai dai kaso mafi tsoka na ribar yana wajen mai narkarwa. Bayan an tace yashin, akan zuba garin cikin gishirin fulorayid da aka narkar a zafin da ya haura digiri 1,000, a sakar masa lantarki. Ƙarfen sai ya taru a jikin sanda. Idan sandar ta baƙin ƙarfe ce, su narke tare su zama gauraye. Ƙasar Sin ke tace kusan kashi 90 cikin ɗari na irin waɗannan ma'adinai.

Wannan tukunya ba ta jure ɗaukewar wuta, domin gishirin daskarewa yake yi. Saboda haka mai niyyar zuba jari a Bauchi ya fara lissafinsa da tsayayyar wuta. Kafin ta samu, ɗanyen yashi za mu ci gaba da sayarwa.